Na koyi tuƙin jeji a hanyar kogwannin Marshall na Yankari, ga yadda na ga aikin mai koyarwar

Tun da na saka hoton nan ina riƙe da sitiyarin Hilux mutane ke ta tambayata wai ina ne, wa ya koya min, kuma nawa ne, to bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta in huta da amsa ɗaya bayan ɗaya.

Shekarata tara ina tuƙi a cikin garin Bauchi, ƙaramar mota, daga gida sai wajen aiki sai kasuwar Wunti sai gidan ƴan uwa. Bara maigidan ya sayi Hilux na hannu saboda gona, shi kuma aikinsa na tafiye-tafiye ne, sai ya zama kai taki da biyan ƴan ƙwadago da ɗauko amfani duk a wuyana suke. Da damina direban da muke ɗauka ya kafe mana da mota a laka, buhun taki goma sha biyu sai da aka sauke su ɗaya bayan ɗaya ana yayyafi, muna wajen tun azahar har aka kira magariba, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ina tsaye ina kallo ban san ko daidai yake yi ba ko ƙara binne motar yake. Ranar na ƙudurta sai na san motar nan da kaina.

Wata ƙawata ce ta haɗa ni da mutumin ta WhatsApp. Ba zan kama sunansa a nan ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Magidanci ne, ya daɗe yana jan motar masu haƙa rijiyar burtsatse ƙauye-ƙauye, yanzu ya sayi tasa Hilux ɗin mai giyar hannu yana ɗaukar mutum biyu ko uku na yini guda ya koya musu. Tsarin nasa kashi biyu ne, da safe atisaye a yashi a wajen Dindima, da rana a shiga Yankari ka tuƙa da kanka daga sansanin Wikki zuwa kogwannin Marshall ka dawo. Na tafi da ƙanina, a watan Fabrairu, sauran hazo bai gama washewa ba.

Abu na farko da ban ji daɗinsa ba, mun yi da shi ƙarfe bakwai, bai iso ba sai takwas da kusan rabi, kuma bai kira ba sai da ni na kira. Yace layin mai ne. Ba na musu, amma wanda zai yi tafiyar sama da kilomita 100 da mutanen da suka biya kuɗinsu tun daren jiya ya kamata ya cika tanki. Wannan lattin shi ya ci mana wani abu daga baya, zan zo kansa.

Muka ɗauki hanyar Gombe shi yana tuƙi, da muka kusa Dindima inda gadar kogin Gongola take sai ya sauka daga kwalta ya bi wata burtali har wani fili mai yashi. Ina tsammanin zai ce in shiga in tayar, sai ya shimfiɗa tabarma a gefen motar yace "Hajiya, durƙusa ki leƙa ƙarƙashinta tukuna." Na leƙa. Ya nuna min wani abu kamar tulu a tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke cewa bak-aksul, yace wannan shi ne ya fi komai kusa da ƙasa, duk dutsen da kika gani a hanya ki tambayi kanki zai wuce ƙarƙashin tulun nan ko zai buge shi, in kina shakka to ɗora taya a kan dutsen kar ki bar shi a tsakiya. Wallahi shekara tara ban taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, kuma wannan kallon na minti biyu shi ya yi ta min amfani har yamma.

Sannan ya zo kan ƙaramar giyar nan da ke gefen babbar, wadda direbobi ke kira ogzilari, ni dai a motarmu ko taɓa ta ban taɓa yi ba don tsoro. Rubutu uku ne a kanta, H2, H4, L4. H2 tayoyin baya kaɗai ke turawa, shi ne na kwalta. H4 duka huɗun ke ja, na yashi da tsakuwa da laka marar zurfi. L4 kuma duka huɗun ne amma an rage gudu an ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi, na hawa da gangara da fita daga rami, kuma ba a saka shi sai an tsaya cak an taka kuloci. Abin da na fi yabawa shi ne bai tsaya a "yi kaza, kar ki yi kaza" ba, sai da ya faɗi dalili. Yace irin wannan motar in ka saka H4 an ɗaure gaba da baya ne suna juyawa tare, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya, a ƙasa taya za ta ɗan zame abin ya warware, amma a kwalta ba zamewa, to ƙarfen ciki ne zai sha matsin har wata rana ya ci kuɗinka. Ya ɗauki kara ya zana layin tayoyin a yashi na gani da idona. Tun daga nan na gane abin da direbanmu yake yi wa motarmu, don sau nawa yana barin ta a H4 tun daga gona har cikin gari.

Daga nan ya fito da geji ya rage iskar tayoyin, daga 32 ya mai da su wajen 20. Yace taya mai iska sosai yanka yashi take ta nutse, in ka rage sai ta ɗan baje ta zauna a kai kamar ƙafar raƙumi. Ya kuma sa na cire manyan yatsuna daga cikin sitiyari na ɗora su a baya, wai in tayar gaba ta bugi kututture sitiyarin kan fizge da ƙarfin da zai iya gurɗe yatsa.

To sai ya yi wani abu da ban zata ba. Ya sa na shiga tsakiyar yashi mai laushi a H2, yace tsaya, na tsaya, yace yanzu tashi da ƙarfi kamar kina sauri. Na ba ta wuta, sai na ji bayan motar yana zama, injin na ta kuka amma ko taku ɗaya bamu yi ba, yashi na tashi ta madubi. Gabana ya faɗi, laka ta bara ta dawo min, ƙafata kuma ta ƙi barin totur don jiki gani yake in ka ƙara za ka fita. Shi ko muryarsa bai ɗaga ba, yace "Cire ƙafa, Hajiya. Cire gaba ɗaya. Sauko ki ga aikinki." Na sauko na ga tayoyin baya sun haƙa wa kansu rami har kusan rabi, a cikin daƙiƙa biyar ɗin nan kawai. Ya miƙo min shebur, ba ƙanina ya ba ba, ni ya ba, yace in kwashe yashin da ya taru a bayan kowace taya in yi mata gangara mai sauƙi. Na kwashe ina haki. Na koma na saka L4, na saka ribas, yace kar ki taka komai ki ɗaga kuloci kawai a hankali ki bi sawun da kika shigo. Motar ta ɗan girgiza ta fito kamar an jawo ta da igiya. Sai da na kifa kaina a sitiyari na yi hamdala.

Sau uku muka maimaita. A na ukun kafin ya buɗe baki na riga na cire ƙafa.

Wannan awa ɗayan ita ce kuɗina, in da a nan muka tsaya ma ban yi asara ba. Amma ga ƙorafi na biyu, da za mu koma kwalta dole a mayar da iska, sai ya fito da wani ɗan famfo mai jona batir da bai fi na keke ƙarfi ba, taya huɗu sai da muka yi sama da rabin awa a rana yana ɗaukar zafi ana jira ya huce. Mutumin da sana'arsa ke nan ya kamata ya mallaki na kirki.

Daga Dindima aka karya kudu zuwa ƙofar Yankari da ke Mainamaji, aka biya kuɗin shiga, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki ma tafiya ce ta kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, gandun yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, an kebe shi tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Ni ƴar Bauchi ce amma rabona da wajen tun muna sakandare da aka kai mu a bas, kuma a wancan zuwan ruwan Wikki kawai muka gani da birai. Biran na nan ba abin da ya canza, muna buɗe bayan mota wani ƙaton bika ya taho gadan-gadan ya nufi ledar burodi, ku rufe gilashi ku ɓoye abinci tun kafin ku sauka.

Ba a shiga cikin dajin sai da ma'aikacin gandu a mota, kuma haka ya dace. Wanda aka haɗa mu da shi dattijo ne mai ƙarancin magana, ya zauna a baya da ƙanina, malamin yana gefena, ni a sitiyari. Da ya ga ni zan ja sai ya ɗan dube ni yace "Ƴata, ke za ki kai mu?" nace "Ni ce Baba, a yi min addu'a," yace "Allah ya tsare, ki dai tafi a hankali, dabbobi ba sa son ƙara."

Hanyar ba ta kai kilomita goma ba, kuma a ganina wanda ya zaɓe ta don sabon shiga ya san abin da yake yi. Ba ta da ban tsoro, ba inda za ka kalli gefe ka ga rami mai zurfin da zai sa cikinka ya ɗuri ruwa, amma kuma kusan duk abin da za ka haɗu da shi a hanyar ƙauye akwai ɗan samfurinsa. Akwai gargada mai sa haƙora karo, akwai yashi, akwai inda ruwan bara ya zaizaye ya bar kwari biyu a sawun tayoyi da tudu a tsakiya, a nan ne tulun nan da na leƙa ya dawo min, malamin yace kar in faɗa cikin sawun, in ɗora taya ɗaya a tudun tsakiya ɗaya a gefe in bi a hankali. Giya ta biyu a H4 muka yi yawancin tafiyar, gudun bai wuce na mai keke ba. Duk sanda ƙafata ta koma ta kwanta a kan kuloci sai ya ƙwanƙwasa dashbod da yatsa sau biyu ba tare da ya ce komai ba, don a cewarsa wannan ɗabi'ar ta ƴan tuƙin gari ita ke ƙona kuloci a jeji.

Wuri ɗaya ne ya gwada ni sosai, wata gangara zuwa busasshen rafi mai duwatsu, sai kuma hawa a ɗaya gefen. Ya sa na tsaya, ya nemi izinin Baba muka sauka mu uku muka taka ta da ƙafa har ƙasa, yana nuna min inda tayar dama za ta bi da inda ta hagu za ta bi, yace abin da ba ki taka da ƙafarki ba kar ki kai mota, in ruwa ne ma haka. Muka dawo, L4, giya ta ɗaya, sai yace in sauke ƙafafuna duka biyun a ƙasa, ba birki ba kuloci. Nace "Malam, ba birki fa kace?" yace "Injin ne birkinki." Hancin motar ya sunkuya har na daina ganin hanya sai duwatsu, duk jikina na cewa taka birki, amma na daure, sai ga motar tana sauka da kanta taku-taku kamar tsohuwa a matakala, ko zamewa babu. Bayaninsa daga baya shi ne in ka danne birki a gangara mai tsakuwa taya kan tsaya ta koma ja da ciki, kuma tayar da ba ta juyawa sitiyari ba ya iya juya ta, in kuma ka taka kuloci ka raba motar da injin ke nan ta tafi da nauyinta. Da muka haye ɗaya gefen Baba daga baya yace "Madalla ƴata," kalma biyu kawai amma har yanzu ina jin daɗinsu.

Saboda tafiyar a hankali ce mun ga abubuwa. Gwambaza uku a tsaye ƙarƙashin marke suna kallonmu, mazo ɗaya da ya gilma, gadu da ƴaƴanta wutsiya a sama. Giwa bamu gani ba, amma Baba ya sa na tsaya ya nuna mana kashinta da rassan da ta karya, yace da rani can wajen kogin Gaji suka fi zama saboda ruwa.

Ƙorafi na uku kuma shi ya fi ci min rai, AC ɗin motar ba ya aiki kuma bai faɗa ba sai da muka hau hanya. Zafi kam ana iya jurewa, matsalar tsando ne. Gilashi a buɗe suka yi ta shigowa, cizon su kamar an soka maka allura, ta cikin safa ma suna samu, ni kuma na saka hijabi shuɗi mai duhu ashe launin da suka fi bi ke nan shi da baƙi. Kana ƙoƙarin riƙe sitiyari a kan duwatsu abu na cizonka a idon sawu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai koyo. Saƙo ɗaya da daddare cewa a saka kaya masu haske masu kauri da ya wadatar.

Kogwannin kuwa, a nan na rasa bakin magana. Za ka ajiye mota ka ɗan taka, sai ga bangon dutse mai laushi ja-ja, a jikinsa ƙofofi zagayayyu ƙanana a jere wasu sama wasu ƙasa, guda 59 ne. Ba ruwa ne ya yi su ba, hannun mutum ne ya sassaƙa. Ƙofar sai ka rarrafa za ka shiga, amma cikin ɗaki ne zagayayye da zai ɗauki mutane kaɗan su zauna, da sanyi kamar randa duk da ranar da ake ƙwallawa a waje, ga warin jemagu. Na durƙusa a bakin ɗaya na shafa bangon, yatsana yana faɗawa cikin sawun abin da aka yi saran da shi, layi-layi, wasu wuraren kuma akwai zane mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto. Ana cewa maɓoya ce ta mutanen da suka gudo daga yaƙi da farautar bayi, kuma in ka ga ƙanƙantar ƙofar za ka gane mutumin da ya yi ta yana tsoron wani abu ne, mutum ɗaya da mashi a ciki ya isa ya tare ta. Sai na tuna da mace irina da goyo tana rarrafawa ciki da daddare tana toshe bakin yaro kar ya yi kuka, na daɗe a durƙushe a wajen. Sunan Marshall na wani mai bincike ne, P. J. Marshall, da ya fito da labarinsu a 1980, ba laifi a tuna da shi, amma ni dai zuciyata tana wajen masu saran. Kuma ya dame ni ace na girma a jihar nan ban taɓa zuwa ba sai da koyon mota ya kawo ni.

A nan dole in ce malamin direba ne ba masanin tarihi ba, duk abin da muka ji daga bakin Baba ne, shi yana can yana zagaya motarsa yana duba tayoyi. Ban riƙe shi da wannan ba, kowa da fanninsa, amma in kun je ku yi wa ma'aikacin gandun tambayoyi kuma ku yi masa alheri, sun san dajin nan kamar tafin hannunsu.

Dawowa ni na sake ja, kuma gangarar da ta tsorata ni yanzu hawa ce, giya ta biyu a L4, wuta daidai ba ƙari ba ragi har sama, bai ce min uffan ba. Mun yi la'asar a sansani, na gangara na tsoma ƙafafuna da suka sha cizo a ruwan Wikki, ruwan nan da ɗuminsa ke zaune a digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin farin yashin ƙasa. A tsarin da ya turo min akwai tsayawa a rijiyoyin Dukkey, rijiyoyi sama da 130 da mutanen da suka haƙa suka haɗe su ta ƙarƙashi don tara ruwa, to lattin safe da famfon nan sun cinye lokacin, dole muka kama hanya don kar dare ya yi mana. Ya ba da haƙuri yace in na dawo zai kai ni ba tare da ƙarin kuɗin koyarwa ba, na riƙe shi a kan wannan.

Maganar kuɗi, ba arha ba ne, kuma kuɗin shiga gandu da na ma'aikaci da abinci duk daban suke ba sa cikin nasa, ku tambaya dalla-dalla tun kafin ku tura komai, ku kuma tambayi lafiyar AC. Ruwan sha ku ɗauko da yawa don shi gora biyu kawai ya zo da su. Sannan sai wanda ya riga ya iya giyar hannu, ba wajen koyon tayar da mota ba ne. Samari masu neman su yi ta watsa yashi ana ɗaukar su bidiyo su nemi wani wajen, mutumin nan ba zai bari ba kuma dajin ma ba na haka ba ne. Amma mai gona, malamar asibiti ko malamin makaranta da aka tura ƙauye, da duk wanda yake da motar nan a gida yana tsoron ƙaramar giyar, ina ba ku shawara ku je, mata ma kar ku ji komai, tun safe har yamma ban ga raini ko wasan banza daga gare shi ba, kuma ko sau ɗaya bai karɓe sitiyarin daga hannuna ba. In maki ne zan ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na cire saboda latti da famfo da tsando.

Satin da ya wuce na kai takin gida gona da kaina, ni da ƙanina da yaro ɗaya, buhu goma. A mashigin nan da muka kafe bara na tsaya na sauka na taka shi da ƙafa duk da a bushe yake, na ga inda tayar ta haƙa har yanzu da alamarsa, na zaɓi gefen dama inda ƙasar ta fi tauri na wuce a giya ta biyu. Na sayi geji da shebur da igiyar ja suna bayan kujera, famfo mai kyau nake nema yanzu. Na kuma ce masa ya saka ni a layi farkon damina in ruwa ya sauka, don laka ce bamu taɓa ba, kuma wannan karon da motarmu za mu je.